Ƙafar da Ban Nuna wa Likita Ba

Litinin, 6:40 na safe

Minti arba'in. Na duba agogo. Daga buɗe ido zuwa lokacin da ƙafafuna suka yarda su kai ni banɗaki, minti arba'in cur. Shekarata ashirin da uku. Ban faɗo daga babur ba, ban buga ƙwallo ba, ba wanda ya doke ni. Amma ƙwaurina, tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu, sai ka ce an tsaga an zuba garwashi an ɗinke.

Umma ta ce, "Auta, lafiya kake dafa bango?" Na ce dubawa nake ko zai faɗi. Ta ce Allah ya shirye ni.

Baba ya yi tari daga ɗakin baya. Ban leƙa ba.

Litinin, 7:15 na yamma

Mutum goma sha huɗu na yi wa aski yau, duk a tsaye.

Kujera uku ce a shagonmu. Ta bakin ƙofa ta Maigida ce, mai shagon. Ta ƙarshe, kusa da wurin wanke kai inda ƙasa ba ta bushewa, ta Dogo. Tawa ce ta biyu, ƙarƙashin fanka, gaban madubin da bai tsage ba. Shekara huɗu na yi ina share gashin mutane kafin in same ta, kuma Dogo ya riga ni zuwa shagon. Hannuna ne ya ba ni ita. Ba yabon kai ba ne, a tambayi masu jira a benci su ce sai ni.

Dokar Maigida ɗaya ce, kullum sai ya maimaita: mai aski ba ya zama matuƙar akwai kai a gabansa. Kai za ka zagaya mutum. Kujerun ma masu juyawa ne da, amma tun kafin in zo ya cusa musu guntayen katako a ƙasa ya daskarar da su, wai masu jira sun mai da su lilo.

Yau na ƙirga. Aski ɗaya, zagaye tara. Tara sau goma sha huɗu, ƙwaurina ya san amsar.

Laraba, 1:30 na rana

Na ɓata kan Direba.

Direban motar makaranta ne, duk mako biyu yana zuwa, saisaye kawai yake so. Ina bayan kunnensa na dama ƙafata ta ce ba ta yi. Na dafa kujera, injin ya zame, ya buɗe titi tun daga ƙeya har tsakiyar ka.

Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya ce, "Farfesa, wannan hanyar ina ta nufa?"

Farfesa suke ce mini saboda ina karatu in babu mutane. Aji uku na bar makaranta. Sauran duk a kan bencin nan na koya, daga tsofaffin jaridu da littattafan da ake zubarwa a bakin titi har takardar da ke cikin kwalin magani.

Dole aka kwashe gashin duka. Dogo har da riƙe ciki. Maigida bai yi dariya ba. Da shago ya yi sauƙi ya ce, "Me kake sha?"

Na ce, "Shayi, ranka ya daɗe. Wani lokaci ruwa."

"Bakin nan naka."

Gara ya ɗauka wani abu nake sha.

Alhamis, 6:50 na safe

Minti hamsin. Ban shiga ɗakin baya ba. Me zan shiga yi?

Asabar, 5:00 na yamma

Na gama bincike. Akwai wani tsohon littafin kiwon lafiya da na tsinta bara, ba bango, ya fara daga shafi na talatin da ɗaya. Ya ce ciwon ƙwauri na masu gudu ne da sojoji da masu daɗewa a tsaye. Ko kuma ƙashin ya yi 'yar tsagewa. Shi ke nan. Ciwon ma'aikata ne, ciwon masu neman na kansu. Na sayi bandeji na naɗe ƙafafun tamau, har yatsuna suka yi sanyi.

Abu ɗaya littafin bai bayyana ba. Ya ce hutu yana rage shi. Ni kuwa in na kwana na huta, da safe ne ya fi cin mutuncina. Wataƙila bayanin yana cikin shafi talatin ɗin da suka ɓata.

Wancan abin na ƙafar dama ba ruwansa da wannan. Fata daban, ƙashi daban. Doguwar safa tana rufe shi, shekara biyu ke nan ba wanda ya gani.

Talata, 12:20 na rana

Asibiti. Awa uku a layi, minti huɗu a gaban likita. Saurayi ne, bai fi ni da shekara biyar ba, ga agogo mai kyau. Ya ce, "Ina ke ciwo?" Na ce ƙwauri, duka biyun. Ya ce in naɗe wando.

Na naɗe na hagu.

Ai ciwon iri ɗaya ne, in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Ya danna, na yi tsalle. Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ce tsayuwa ce ta yi yawa, ya rubuta maganin rage zafi, ya ce in huta mako biyu. In huta! Na ce ko zai rubuta wa Maigida wasiƙa ya ce kawunan mutane su daina tsiro mako biyu. Bai ji daɗi ba. Ni ma ban ji daɗin layinsa ba.

Ya tambaya ko akwai wani abu kuma. Hannuwana suna cikin aljihu. Na ce babu.

Abin da na faɗa tun farko likita ya tabbatar. Ciwon tsayuwa ne.

Juma'a, 6:30 na yamma

Na zauna.

Ina tsakiyar gyara wa wani gemu, rabin fuska da kumfa, na ajiye reza na je benci na zauna tsakanin masu jira kamar ni ma aski na zo. Ban yanke shawara ba, ƙafafun ne suka tafi da ni. Dogo ne ya ƙarasa gemun.

Maigida ya jira aka watse. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kan ƙafafun nan," in ji shi. "Ranar da aka haifi 'yata ta fari a tsaye aka zo aka gaya mini, na ƙarasa askin sannan na tafi. Ba na ƙin ka, ka sani. Amma kujera ta biyu ba ta mai zama ba ce. Zuwa ƙarshen wata. In ka warke, taka ce. In ba haka ba Dogo ya matso, in nemo wani a ta uku."

Na ce, "Ni kuma a kai ni gidan tarihi."

"Ka ga irinta ko?"

Kwana goma sha takwas.

Wani abu kuma. Da ake shara, a daidai inda nake tsayawa, cikin baƙin gashi akwai farin ɓamɓaroki kamar an kankare alli. Daga ƙafar wandona yake zubowa. Dogo ya gani. Na ga ya gani. Ya tura tsintsiya ya rufe shi da gashi, ya kwashe, ya ci gaba da waƙarsa mara daɗi. Mutumin da zai gaji kujerata. Da ma ya yi mini dariya, da na san abin da zan ce masa.

Asabar, 7:00 na safe

Awa ɗaya. Maganin likita mai agogo yana aiki kamar a yayyafa wa gobara ruwa da cokali.

Lahadi, 4:10 na yamma

Yaya ta zo. Babbar yayarmu, mai aikin ɗinki, wadda in ta shigo gida kowa sai ya gyara zama. Ta ce za ta taya Umma wanki, ta shiga ɗakina ta yaye zanen gado. Sai ga ta a tsakar gida da zanen a hannu.

"Auta, zo nan."

"Ina karatu."

"Karatun gidanku. Zo nan na ce."

Ta nuna mini farin garin da ɗigon jini a wajen ƙafa. Na ce sauro ne. Ta ce sauron da ke zubar da gari bai zo duniya ba tukuna. Ta ce in cire safa. Na ce ƙafata ce. Ta ce ita ta wanke ƙafar nan tun tana kamar ɗan yatsa, in cire ko ta cire mini.

Na cire.

Ta daɗe tana kallo. Tabon ya kai tafin hannu yanzu, ja a ƙasa, fari a sama. Ɗan yatsan kusa da babban ya kumbura suntum, shi ma ban rubuta shi a nan ba. Ta kamo hannuna ta juya faratan, ta ga ƙananan ramukan kamar an tsattsaga da allura.

Ba ni ta kalla ba. Ƙofar ɗakin baya ta kalla.

Na ce, "Kada ki soma."

"Ban ce komai ba."

"To kada ki ce."

Umma tana bakin murhu, ta juya mana baya, tana ta juya tukunyar da babu komai a ciki sai ruwa.

Laraba, 2:45 na rana

Yaya ta rufe shagonta ta raka ni, ta zauna a gefena kamar mai gadin fursuna. Wannan karon wata likita ce, babba, mai tabarau a kan hanci. Kafin in buɗe baki Yaya ta ce, "Likita, ƙafa biyu gare shi. Wancan zuwan ɗaya ya kawo."

Likitar ta duba takardata, ta dube ni. "Ƙafar lafiya ka nuna masa?"

Na ce ba ta lafiya ba ce, ita ma tana ciwo.

"Amma ita ce mai kyan gani."

Na sunkuyar da kai. Ni da ake cewa bakina ya fi reza.

Ta danna ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta danna bayan dunduniya, ta bi sangalin da babban yatsa. Ta duba farata, ta duba bayan kunne. Ta tambayi safiya, na ce awa ɗaya. Aka ɗauki hoto, ƙashi bai tsage ba. Aka ɗebi jini.

Ta ce abin fatar sunansa soriyasis, kuma a wasu mutane ba ya tsayawa a fata, yana shiga gaɓoɓi da wuraren da jijiyoyi suka kama ƙashi. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta far wa mai ita. Zafin ƙwaurin daga nan yake, tsayuwa tana ƙara masa ne kawai. Ba ƙazanta ba ce, ba a ɗauka, ko mutum dubu na taɓa ba abin da zai same su. Ta ce akwai maganin da ke danne shi, amma sai ya yi makonni kafin a ji, kuma za a riƙa duba jini. Kada in daɗe a tsaye wuri ɗaya, kada kuma in kwanta in daina motsi. Ta ce sa'ata ɗaya na zo kafin gaɓoɓin su lalace.

Makonni. Ni kwana goma sha uku gare ni.

Sai ta ce, "Akwai mai irinsa a gida?"

Na ce, "Babu."

Yaya ta ce, "Babanmu."

Laraba, 6:00 na yamma

Fata daban, ƙashi daban. Farfesa! Jakin da ya haddace littafi mara bango.

Baba kafinta ne da. A'a, kafinta ne har yanzu, ban san me ya sa nake cewa "da" ba. Rabin ƙofofin layinmu shi ya yi su. Ina shekara goma sha huɗu ya fara daɗewa bai fito ba da safe. Sannan guduma ta fara faɗuwa daga hannunsa. Aka ce sanyi ne, aka shafa duk abin da ake shafawa. Aka rufe rumfa. Na bar makaranta.

Ranar da na mayar da littattafan makaranta na dawo na same shi zaune a inuwa, ƙafafu a miƙe. Ba jini, ba karaya, ba zazzaɓi. Na faɗa masa wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Kalma biyar ce, akwai "lalaci" a ciki.

Bai mare ni ba. Ya tashi, ya dafa bango, ya shiga ɗakin baya.

Ya dafa bango.

Alhamis, 6:45 na safe

Na tsaya a ƙofar. Ban shiga ba.

Juma'a, 6:45 na safe

Ban shiga ba.

Asabar, 8:30 na safe

Shi ya kira. Shekara tara gaisuwa ce kawai tsakaninmu, daga bakin ƙofa, ina kwana lafiya lau. Yau ina lallaɓawa zuwa banɗaki na ji, "Auta. In ka fito ka zo."

Ɗakin yana warin man zafi da tsohon katako. Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gado, an goge shi, ba ƙura ko kaɗan. Na zauna a ƙasa. Na kalli hannuwansa sosai, karo na farko. Yatsun sun karkace waje guda kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kai.

Ya ce, "Da safe ya fi, ko?"

Na ce e.

"Kamar ka taka ƙusa, ta bi ta cikin ƙashin ta hau."

Na ce e. Na buɗe baki in faɗi ɗaya maganar, ta neman gafara, wadda na kwana uku ina shiryawa da kalmomi masu kyau. Ya ɗaga hannu.

"Miƙo tef ɗin can. Yayarka ta ce kwana goma ya rage maka. Tashi tsaye."

Ya sa na riƙe bakin tef a ƙasa, shi ya ja da gefen hannunsa har ƙuguna. Ya auna daga dunduniya zuwa gwiwa. Ya tambayi tsayin kujerar shago, na nuna a jikina. Ya tambayi inda kan mutum yake kaiwa in ya zauna. Sannan ya ce, "Kujerar tana juyawa?"

Na ba shi labarin guntayen katakon Maigida.

Ya yi tsaki. Ban taɓa jin tsaki mai daɗin wannan ba. "Wa ya gaya muku ana zagaya aiki? Ni shekara ashirin da shida ina yin ƙofa, ban taɓa zagaya ƙofa ba. Juya ta nake yi ta zo inda nake."

Lahadi, 5:40 na yamma

Shi ne kai, ni ne hannu. Tun safe a tsakar gida, yana kan tabarma yana ba da umarni, ina kan benci da zarto.

"Ba haka ba. Aski kake yi ko yanka? Bar zarton ya ci da kansa."

"Baba, layin nake bi."

"Layin yana gabas kana yamma. Wannan ne hannun da ake yabo?"

Na lalata ƙafa biyu kafin in yi ta kirki. Abin da ya fito ba kujera ba ce sosai. Doguwa ce, mazauninta ƙarami kuma ya ɗan karkato gaba, da sanda a ƙasa ta ɗora ƙafa. In ka hau, daga nesa kamar a tsaye kake, amma nauyin ya bar ƙwauri. Ya ce in riƙa sauya ƙafa a kan sandar, in sauka in taka tsakanin aski da aski.

Goge ta da kansa ya yi. Ya maƙale takardar gugar tsakanin tafukansa biyu yana ja a hankali. Na ce in karɓa. Ya ce in ya mutu na karɓa.

Umma ta fito da shayi, ta tsaya, ta koma ciki da shi. Sai da ta daɗe ta sake fitowa.

Talata, 7:30 na yamma

Ƙarshen wata.

Na ce zan kai kujerar ni kaɗai. Baba ya ce kafinta ba ya aika aiki, kaiwa yake yi. Ya sa hularsa. Tafiyar minti goma muka yi a rabin awa, gurgu biyu da kujera ɗaya. Mai shagon magani har ya fito yana kallo.

Maigida ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, ashe Baba ne ya yi masa kantar madubi tun ina rarrafe. Sannan ya ga abin da na ɗauko, fuskarsa ta canza.

"Baba, ka san dokata."

"Na sani. Ka ce ba ya zama. Dube shi da kyau, zaune yake?"

Na hau. Maigida ya zagaya ni, ya leƙa ta baya. Dogo ya ce, "Wallahi Maigida ko tsaye ko zaune, sai dai a kira alƙali."

Baba ya nuna ƙasan kujera ta biyu da sandarsa. "Dogon nan, ciro mini wancan katakon." Dogo ya kalli Maigida. Maigida ya kalli silin. Sai da aka sa guduma. Aka ɗiga man inji, kujerar ta yi ƙara sau ɗaya ta juya.

Na ce, "Akwai sauran magana." Na naɗe wandon dama, na sauke safa, a gaban kowa, har da mutum uku a benci. Na faɗi sunan ciwon, na ce ba a ɗauka, ga takardar likita ga mai iya karatu. Ɗaya daga cikin ukun ya tuna yana da uzuri, ya fita. Sauran biyun suka kalli ƙasa.

Maigida ya ce, "In ga aski ɗaya tukuna. Wa zai zauna?"

Ba wanda ya motsa. Fanka tana ta juyawa.

Baba ya jingine sandarsa, ya hau kujerar da ƙyar, ya cire hula.

Ban taɓa yi masa aski ba. Umma ce take rage masa da almakashin ɗinki. Na yafa masa ƙyalle, na juyo shi. Ga su nan a bayan kunne da ƙeya, ja a ƙasa, fari a sama, irin nawa sak. Na cire reza daga lissafi, na sa wa injin mataji mai tsawo, na bi gefensu a hankali yadda ba zan fama ba. In na gama gefe, in tura kujerar da gwiwa, kan ya zo inda nake. Ban zagaya ko sau ɗaya ba.

Da na juyo shi ga madubi muka haɗa ido a ciki. Na sunkuya kamar ina gyara ƙyallen, na faɗi maganar. Ba da kalmomi masu kyau ba, guda uku ce kawai. Ya ce, "Gefen hagu ya fi tsawo."

Ƙarya ne. Amma na gyara.

Maigida ya zo ya duba ƙeyar, ya duba layin goshi, ya daɗe. Ya ce, "Gobe ƙarfe takwas. Kuma ka rubuta sunanka a jikin abin nan, na ga idon Dogo a kai."

Ɗaya daga cikin na benci ya taso ya ce saisaye yake so.

Laraba, 6:35 na safe

Minti hamsin da biyar. Maganin bai fara ba tukuna, likita ta ce sai haƙuri. Yaya za ta kai Baba wurinta ranar Litinin, yana ta faɗa wai shi ba abin da ya same shi.

Na ji shi yana motsi ta bango. Shi ma yanzu yake ƙoƙarin sauko da ƙafa. Na ƙwanƙwasa bangon sau biyu.

Ya ce, "Ka riga ni?"

Na ce tukuna.

Ya ce to wanda ya fara isa ya ɗora ruwan zafi.